Ribas Ba Riba Ba Ce

Duk wanda ya taɓa loda kaya a kasuwar Aboabo da ke Tamale ya san ihun yaron mota idan lori za ta gyara tsayuwa: "Ribas! Ribas!" Mun saba da kalmar har muna ɗauka tamu ce, alhali baƙuwa ce da ta sha doguwar tafiya.

Asalinta daga Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna da kalmar "revertere", wadda ta haɗa "re", wato baya, da "vertere", wato juyawa. Ma'anarta ke nan juyawa baya. Daga can ta shiga Faransanci, ta tsallaka Ingila a wajen ƙarni na 14, Turawa suka mayar da ita "reverse". Mota ce ta kawo mana ita, bakinmu ya lanƙwasa ta ta zama ribas. Ba ta haɗa dangi da riba, wadda muka aro daga Larabci.

To, yanzu kalmar ta bar tasha ta shiga aljihunmu. Tun da MTN ta fara harkar MoMo a Gana a 2009, ɗan kasuwa a Paga ko Bawku yana karɓar kuɗin masara ko albasa ta waya. Nan 'yan damfara suka sami ƙofa. Sai saƙo ya shigo cewa an turo maka sidi 500, can wani ya bugo yana magiya wai kuskure ya yi, ka taimaka ka yi masa ribas. Saƙon na jabu ne, ko kwabo bai shigo ba. In ka tura, daga uwar kuɗinka ka cira.

Don haka 'yan'uwa, mu riƙe ma'anar kalmar: abin da ya zo shi ake mayarwa baya. Kafin ka tura komai, danna *170# ka duba abin da ke asusunka. In da gaske kuskure ne, mai kuɗin ya kai kukansa ga kamfani. Lambar sirrinka kuwa kada ka faɗa wa kowa.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce. Haka kuɗin waya yake, in ya fita dawo da shi sai an sha wuya. Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.