Saniya Ba Ta Magana, Amma Tana Nuna Alama

Mu masu kiwo a Kaugama da fadamun kogin Haɗeja mun san zafin shekarar da saniya ba ta haihu ba: ba nono, ba kuɗin makarantar yara. Sau da yawa sakacinmu ne. Saniya takan nemi bijimi duk bayan kamar kwana 21, abin kuwa da wuya ya wuce awa 18, kuma yakan zo da dare. Saboda haka mu riƙa duba garke da asuba da almuru. Za ta yi ta kuka, nono ya ragu, ruwa mai yauƙi ya fito mata ta baya. Babbar alama ita ce, in an hau ta sai ta tsaya cik. In mun gani da safe, mu kai ta wurin bijimi kafin dare. Yunwar rani takan hana ta nema, sai mu tanadi harawa tun da kaka.