Yadda kyamarar kwamfuta ke gane motsi a ɗaki

Kyamarar da ke maƙale a goshin kwamfuta na iya zama mai gadin ɗaki, muddin aka rubuta mata 'yar manhaja. Aikin gaba ɗaya lissafi ne. Kyamara kan ɗauki hoto kusan 30 a daƙiƙa guda. Manhajar takan mayar da kowane hoto baƙi da fari, inda kowane ɗigo ke samun lamba daga 0 zuwa 255 gwargwadon haskensa. Sai ta kwatanta sabon hoton da wanda ya gabace shi. Idan sauyin ya haura iyakar da aka gindaya, ta adana hoton ko ta aika saƙo zuwa wayar mai ɗakin.

Masu rubuta manhaja sun fi amfani da harshen Python da OpenCV, kayan aikin da kamfanin Intel ya assasa, ake kuma samu kyauta. Wahalar tana wajen saita iyakar, domin kaɗawar labule ko ɗaukewar wutar lantarki na iya jawo ƙararrawar banza.

Fasahar ta shafi tsaron 'yan jarida. A 2017, Edward Snowden da gidauniyar Freedom of the Press suka ƙaddamar da Haven, manhajar da ke sa wayar Android ta sanar da mai ita idan an kutsa ɗakinsa.

Sai dai kyamarar da aka haɗa da intanet ba tare da kalmar sirri mai ƙarfi ba, taga ce ga masu kutse. Abin da ya fi aminci shi ne hotunan su zauna cikin na'urar mai su.