Abin da Ake Bukata ga Ɗalibin Labarin Ƙasa na Duniya a Makarantar Sakandare

Gabatarwa

Sau da yawa akan ɗauki labarin ƙasa tamkar haddar sunayen ƙasashe da birane da koguna. Yaro ya haddace, ya juye a takardar jarrabawa, ya manta. Manufar wannan maƙala ita ce ta fayyace abubuwa uku waɗanda ya kamata ɗalibi ya fita da su daga wannan darasi, sa'an nan ta taɓo matsayin harshen Hausa wajen cim musu.

Tun da farko, wannan ilmi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu Bello ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri, na 1812, da bayanin ƙasashen Tukururu, kuma a 1824, yana Sarkin Musulmi, ya ba Clapperton taswira a Sakkwato. Fataken Gwanja da alhazan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur sun san zanguna da rijiyoyi da lokutan tafiya.

1. Karanta Taswira

Abu na farko shi ne ɗalibi ya iya karanta taswira, watau ya san ma'auninta da layukanta. In ma'auni ya ce 1:50,000, to santimita 1 a takarda rabin kilomita ne a ƙasa. Duniya kuwa tana juya digiri 15 cikin kowace sa'a. Kano tana wajen digiri 8 da rabi gabas da layin Girinwic, Makka tana wajen digiri 40. Saboda haka ɗalibi zai iya lissafa da kansa cewa rana takan yi tsaka a Makka kimanin sa'a 2 kafin Kano. Haka kuma zai gane cewa kiran alƙibla "gabas" da Bahaushe yake yi ya danganta ne ga mazauninsa, domin mutumin Jakarta yamma maso arewa yake fuskanta.

2. Sanin Dalili

Abu na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan darasin, shi ne sanin dalili. Ba ya wadatarwa a ce damina takan faɗi a Legas kafin Kano; sai an san abin da ya sa. Iska biyu ke gamuwa a Afirka ta Yamma: busasshiya daga Sahara mai kawo hunturu da hazo, da mai laima daga Tekun Atlantika. Da yake duniya ta karkata da kimanin digiri 23 da rabi, magamar iskokin takan bi rana zuwa arewa, sa'an nan ta koma kudu. Shi ya sa ruwa yakan riga sauka a kudu, ya kuma riga ɗaukewa a arewa, Agadas kuwa ɗan kaɗan take samu. Wanda ya fahimci wannan ya sami mabuɗin daminar Indiya, da dalilin da ya sa Disamba watan zafi ne a Afirka ta Kudu.

3. Kwatanta Wurare

Abu na uku shi ne kwatance. Tafkin Cadi ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, amma ya tsuke ƙwarai bayan farin shekarun 1970 da 1980. Tafkin Aral na tsakiyar Asiya shi ma ya janye tun daga shekarun 1960, sai dai babban dalilinsa karkatar da kogunan Amu Darya da Sir Darya ne don noman auduga. Sakamako ɗaya, sanadi dabam; ɗalibin da ya iya rarrabe su ya fara tunani irin na masani.

Matsayin Harshe

Hausa tana da kalmomi irin su fadama da jigawa da fako da ƙorama da gulbi, kowace da ma'anarta tsayayya, kuma da su ya dace malami ya fara. Amma akwai wurin yin hattara. Damina da kaka da ɗari da bazara ruwa da iska ne suka raba su, alhali lokutan Turai huɗu zafi da tsawon yini ne ma'auninsu. Mai fassarar da ya jera su ɗaya bisa ɗaya ya ɓatar da ɗalibi.

Kammalawa

Ashe ke nan, in malami zai auna ɗalibinsa, sai ya ɗora masa taswirar ƙasar da bai taɓa karantawa ba, ya tambaye shi yanayinta da irin noman da zai yiwu a cikinta. In ya amsa da hujja, darasi ya biya bukata.