Kafin ka shiga daji da jif: abin da bidiyon TikTok ba ya nuna maka

Ka sha ganinsu a wayarka. Land Cruiser tana hawa tudun rairayi a Dubai kamar za ta tashi sama, ko wani Bature a Ostireliya ya kutsa Hilux cikin rafi, ruwa har bonet, ya fito ɗaya gefen yana dariya. Bidiyon sakan 30 ne, da kiɗa a bayansa. Abin da aka yanke shi ne awa ukun da aka yi ana haƙa ƙarƙashin motar da shebur, da kuɗin da bakanike ya karɓa bayan an dawo gida.

Idan kana Tudun Wada kuma akwai jif a gidanku, taka ce ko ta Baba ko ta yayanka, sha'awar nan ba laifi ba ce. Mu a nan ma ba wasa kaɗai ba ne. Damina na sauka, daga Mayu zuwa Oktoba, hanyar gona da ta ƙauye sai su koma jan taɓo mai santsi kamar sabulu. Wanda zai kai taki gona, ko zai kai amarya ƙauye a watan Agusta, abin da yake buƙata bai bambanta da na mai yawon shaƙatawa ba. Tambayar ita ce: me za ka yi wa motar, me kuma za ka ƙyale?

Ka fara da sanin motar da ke hannunka. A Kaduna duk mota mai tsayi jif ce, amma ba duk jif ke shiga daji ba. Highlander, Venza, RAV4 da Lexus RX motocin kwalta ne da aka ɗan ɗaga. Wasu da yawa daga cikin 'yan Kwatanon da ake shigo da su tayoyin gaba kaɗai ke jansu, waɗanda ke ja da huɗun ma ba su da ƙaramar giya. Ka leƙa kusa da giyarka: idan ka ga ƙaramar sanda ta biyu, ko wani maɓalli mai 4H da 4L, ko H4 da L4, to kana da abin da kanikawa ke kira ogzilari. Shi ne a Hilux, Prado, 4Runner, Pajero da tsohuwar Pathfinder. A Hilux, 4L tana rage gudun taya kusan sau biyu da rabi, ta ƙara mata ƙarfi gwargwadon haka. Da ita ake hawa dutse a hankali, da ita ake saukowa ba tare da an ƙona birki ba.

Ga wani abu da ke kashe wa mutane kuɗi a banza. Hilux ba irin Prado ba ce. Prado kullum da taya huɗu take ja, kuma tana da na'ura a tsakiya da ke barin gaba da baya su juya da gudu daban a kwana. Hilux ba ta da wannan. Ka sa mata 4H ka hau busasshiyar kwaltar bayafas, duk kwanar da ka sha ƙarafan ciki na murɗe juna, har wata rana wani abu ya ce ƙaras. A ƙasa, yashi ko taɓo ake sa ta, da ka taka kwalta ka cire. Sannan motar da ta shekara biyar a cikin gari ba a taɓa sa mata ogzilari ba, kada ka bari sai ka kafe ka gane ya daina shiga. Ka gwada shi a wani fili tun kana gari.

Kafin ka sayi ko da noti ɗaya na ado, a kai ta gareji. Baƙin mai, man giya, man aksul na gaba da na baya, lagireto da tiyonsa, fanbel, birki, robobin ƙafa. Batir a ɗaure shi tamau, domin a gargada batir mai rawa na iya taɓa ƙarfe ya tada wuta. Wannan sashen ba ya kawo layik ko ɗaya, amma da yawa daga cikin motocin da ake janyowa daga daji ba dutse ne ya kayar da su ba, tiyon ruwa ne ya fashe ko injin ya ɗau zafi.

Sai taya. Idan kuɗin abu ɗaya kake da shi, to a nan za ka zuba shi, babu ja. Za ka ga iri biyu a kasuwa: mai rubutun A/T, wadda aka yi don kwalta da burji, da mai M/T mai manyan haƙora ta taɓo zalla. Ta biyun ta fi kyau a hoto, shi ya sa samari ke rububinta. Amma tana kuka a kan kwalta, tana shan mai, kuma idan aka yi ruwa ba ta riƙe titi kamar ta farkon. Kai da kwana shida a mako kana tsakanin Kasuwar Barci da Kawo, A/T ce taka. Girma kuma mataki ɗaya ya isa. Daga 265/65 R17 zuwa 265/70 R17, misali, motar za ta tashi da kamar santimita 1 da ɗan ɗoriya, kuma idan gejin gudu ya nuna maka 100, a zahiri kana wajen 103. Ka wuce haka, taya ta fara gogar bodi a kwana, birki ya rage kamawa, giya ta yi nauyi.

Idan Beljiyam za ka saya, ka duba gefenta. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da haƙora fes amma robar ta bushe, kuma gefen nan da ya tsage shi ne zai fara haɗuwa da kututture. Safaya ma ta zama girmansu ɗaya da sauran. Ƙaramar safayar nan da ke zuwa da wasu motocin Amurka ba ta da wani amfani a bayan Kujama.

Iskar taya kuwa kyauta ce, kuma ta fi kayan ado da yawa aiki. Direbobin Hilux da ke keta Sahara daga Agadas zuwa Dirku sun daɗe da sanin wannan. A kwalta mai faci kan sa maka 30 zuwa 35. A burji mai tsakuwa ka sauke zuwa wajen 25, motar za ta daina tsalle. A yashi mai laushi ko taɓo, 18 zuwa 20: tayar na shimfiɗuwa, ta taka ƙasa da faɗi maimakon ta haƙa rami. Ka yi ƙasa da 15, tana iya zarewa daga rim. Sharaɗin dai shi ne ka tafi da geji da ɗan famfon da ake jonawa da batir, domin gudu a kan kwalta da taya mai iska 18 hanyar fashewa ce.

To, maganar ɗaga mota, wadda na san ita kake jira. Inci 2, wato santimita 5, da sifirin da shakazoba masu kyau: nan ne iyakar mai hankali. Dalili biyu ne. Na farko, a Hilux da Prado na zamani duk ƙarin da ka yi yana karkatar da sandunan da ke kai ƙarfi ga tayoyin gaba, robarsu ta yage, ƙasa ta shiga, ka koma abokin masu sayar da kayan gyara a Sabuwar Panteka. Na biyu ya fi muni: mota mai tsayi ta fi saurin kifewa. Ka kauce wa ɗan acaɓa ko Keke Napep da gudu 80, a nan za ka san bambancin. Abin dariyar ma, ɗaga bodi ba ya ɗaga tulun aksul na baya, wanda shi ne ke fara dukan dutse. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Don haka mai cusa guntun ƙarfe ko katako a ƙarƙashin sifirin don motar ta yi kama da ta sojoji, haɗari ya saya da kuɗinsa.

Inda mutumin Tudun Wada ya fi na Abuja sa'a shi ne Tsohuwar Panteka, nan maƙwabtan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Abin da wasu ke odarsa daga waje da dala, masu walda a nan za su auna su yanka maka. Abin da ya fi cancanta a ƙera shi ne farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 da zai rufe ƙasan injin da giya. Dutse ɗaya ya huda tukunyar baƙin mai, tafiya ta ƙare. Ka ce a ɗaure shi da noti a jikin shasi, kada a like da walda, a kuma bar ƙofar juye mai. Amma katon bamban ƙarfen gaba, ni dai ban ga dalilinsa ba ga mai yawo cikin gari. Yana ɗora nauyi a kan sifirin gaba, yana iya rikita na'urar da ke buɗe balan-balan ɗin kariya lokacin haɗari, kuma idan tsautsayi ya sa ka buge yaro a layi, abin da zai zama karaya sai ya zama rasuwa. Fitilun nan masu kashe ido da ake jerawa a rufi su ma na daji ne. Ka kunna su a titi, ka makantar da mai zuwa, ka kuma ja wa kanka dogon bayani da 'yan KASTLEA ko jami'an kiyaye haɗurra.

Kada ka ɗauka sai da tulin kaya ake cin hanya. A 1975, shekarar da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri, Peugeot 504 ce ta lashe gasar Safari ta Kenya, ɗaya daga cikin tseren mota mafi wahala a duniya. Tayoyin baya kaɗai ke jan ta. Tambayi duk dattijon direba a tasha irin ƙauyukan da fijo fikof ta shiga da buhunan masara.

Ruwa ne ya fi komai cin mota da rai. Toyota ta ce sabuwar Hilux na iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 70, amma wannan ruwa ne a tsaye, da ƙasa mai tauri, da tafiyar hawainiya. Rafin da ya kawo bayan ruwan sama wani abu ne daban: ruwa mai gudu da ya kai ƙafa biyu yana iya ɗauke yawancin jif. Kuma injin ya shaƙi ruwa ta iyakilina, ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwashe ƙarfen fistin nan take. Bututun nan da ake fito da shi ta gefen gilashi yana taimakawa, musamman wajen ƙura, amma bai mai da mota kwalekwale ba. Ka sauka ka shiga da sanda. Idan kai ba ka iya tsayuwa a ciki ba, motar ma ba za ta iya ba. Rafukanmu kan sauka bayan 'yan sa'o'i, ka zauna ka ci gyaɗa.

Za ka kafe, wannan ba makawa. Da ka ji taya na juyawa a wuri ɗaya, ɗaga ƙafarka daga totur, ƙarin wuta ƙarin rami ne. Shebur, jak da faffaɗan katakon da za a ɗora shi a kai, adda, igiyar ja mai rubutun nauyin da take ɗauka, sai abin kashe gobara da akwatin magani. Wajen ja, a ɗaura a ƙugiyar da ke jikin shasi. Kada a taɓa rataya igiya a dunƙulen ƙarfen jan tirela da ke bayan wasu motocin Amurka. Yana tsinkewa ya taho kamar harsashi, kuma ya kashe mutane a ƙasashen da ake wannan wasa. Masu ɗaukar bidiyo su ja baya, nesa da tsawon igiyar sosai. Kaya masu nauyi, irin jarkar ruwa mai lita 25 wadda kilo 25 ce cur, a ƙasa ake sa su a ɗaure, ba a kan kariya ba.

Saura babbar magana, wadda Baturen Ostireliya ba ya fama da ita: ina za ka? A taswira jihar nan aljannar mai jif ce. Ga duwatsun Kajuru da gidan nan mai kama da fadar Turawan da, ga Kagoro da Matsirga can wajen Kafanchan, ga Dam ɗin Kangimi, ga Dutsen Kufena a Zariya, ga gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari. Amma kai ma ka san abin da dazukan Birnin Gwari, Chikun da Kajuru suka gani a shekarun nan. A Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai sama da 100 daga makaranta a Kuriga. An samu sauƙi a wasu wuraren tun daga lokacin, amma sauƙin ba ɗaya ba ne daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma yana canzawa. Jif mai walƙiya da samari huɗu masu manyan wayoyi talla ce. Labarin hanya a bakin direbobin tasha da mutanen garin yake, ba a Google Maps ba. Ka je da ɗan gari, ku gaida mai unguwa ko dagaci, kada ku yi ƙasa da mota biyu, ku fita da sassafe ku dawo kan kwalta kafin la'asar sakaliya. A gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowa, domin sabis na ɗaukewa. Hoto da bidiyo kuma a ajiye sai an dawo, ba a sanar da duniya inda ake kai tsaye. Gonar mutane ba filin wasa ba ce, sawun taya ɗaya a cikin shuka ya isa ya rufe wa duk mai zuwa bayanku ƙofa.

Don koyo, ba sai ka yi nisa ba. Hanyar gonar wani ɗan'uwa da kuka sani, da rani, ta ishe ka sanin yadda 4L ke ja da yadda motar ke karkata. Da kun dawo, a wanke ƙasanta da ruwa mai ƙarfi, a cire taɓon da ya toshe lagireto da cikin rim, a kakkaɓe iyakilina, a mai da iskar taya. Idan kun ratsa ruwa, bakanike ya kwance notin aksul ya duba man: ya fito fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, a juye shi a ranar.