Ba amsa kira ke kwashe kuɗin asusu ba

Duk bayan 'yan watanni sai saƙon muryar nan ya sake zagaye zaurukan WhatsApp a Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa: wai akwai wata lamba, da zarar ka ɗaga kiranta, kuɗin asusunka sun tafi. Jita-jitar ta tsufa. Tun a 2011 hukumar sadarwa ta NCC ta fito ta ƙaryata irinta, lokacin da ake cewa lambar 09141 kashe mutum take yi. Yau an sauya mata riga kawai. Abin takaicin shi ne, mutumin da ke tsoron ɗaga kira shi ne zai miƙa wayarsa a shagon caji a loda masa manhajar da bai san asalinta ba.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillalin shinkafa da mai kifi a kasuwar Haɗejiya sun koma tiransifa, jarin mutum kacokan yana cikin waya. Ɓarayin intanet kuwa ba tsafi suke yi ba. Muguwar manhaja sai an shigar da ita, kuma galibi mai wayar ne ke shigar da ita da yatsansa.

Wadda ta fi damun mu ita ce mai ɓad-da-kama. Tana zuwa a matsayin fom ɗin tallafin ambaliya, ko rajistar takin noman rani, ko WhatsApp na jabu mai ƙarin ado. A Oktoban 2021 NCC ta yi gargaɗi kan wata mai suna FluBot. Saƙon tes take aikowa a lokacin, wai kana da kaya a hanya, ka latsa nan. Idan ka sauke ta, sai ta nemi izinin karanta saƙonninka. Ranar da ka buɗe manhajar bankinka, sai ta shimfiɗa hoton shafin bankin a kai, ka rubuta lambar sirrinka a hannunta. Lambar tabbatarwa da banki zai turo ma ita ke fara gani. Sannan ta bi lambobin da ke wayarka tana aika musu tarkon. Akwai kuma masu leƙen asiri da ke naɗar duk abin da aka latsa, da masu bin katin memori da filasha daga kwamfuta zuwa kwamfuta.

Manhajar neman fansa daban take. Kulle bayananka take yi. Kamar ka wayi gari ka tarar an ɗaura wa rumbunka wani kwaɗo ne, hatsinka na ciki, makulli na hannun wani, sai ka biya. A Mayun 2017 wata mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, ana neman dala 300 a kuɗin Bitcoin kan kowace na'ura. Alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ta bi ta ciki, ba a sabunta kwamfutocin ba ne kawai. Duk ofishi ko makaranta ko asibitin da ke riƙe albashi da sakamakon jarrabawa a tsohuwar kwamfuta guda, ba kwafi a wani wuri, a bakin wannan rami yake. Biyan fansar ma ba tabbacin a ba ka makulli ba ne.

Doka akwai ta, tun dokar laifukan intanet ta 2015. Gargaɗi ma ana fitarwa. Amma da Turanci, a shafukan da manomin Fadama ba ya leƙawa. Shugaban hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗejiya ne, ya san yaren da mutanensa ke ji. Ya kamata duk gargaɗin da hukumomin nan za su fitar ya fito da Hausa a rediyo a ranar, a kuma tara masu POS da masu shagunan caji a koya musu, domin ta hannunsu wayoyin gari ke bi.