Lars Leksell da Aikin Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Fasa Kai Ba

A shekarun 1930, idan aka shiga ɗakin tiyata da mai ƙari a ƙwaƙwalwa, 'yan'uwansa sai dai su duƙufa da addu'a. Likita zai buɗe ƙoƙon kai, ya ratsa lafiyayyen nama kafin ya kai ga cutar, kuma sau da yawa ɓarnar da aka yi a hanya takan fi ta ciwon. A haka Lars Leksell, ɗan ƙasar Suwidin da aka haifa a 1907, ya tarar da sana'ar lokacin da ya fara koyon aiki a 1935 a hannun Herbert Olivecrona, babban likitan ƙwaƙwalwa na birnin Stockholm. Abin bai kwanta masa ba.

Tun 1908 Turawan Ingila biyu, Horsley da Clarke, sun ƙera wani ƙarfe da ake ɗaura wa kan dabba don a auna kowane lungu na ƙwaƙwalwa da lamba uku: tsawo, faɗi da zurfi. A 1947 wasu likitoci biyu, Spiegel da Wycis, suka yi amfani da dabarar a kan mutum a Filadelfiya ta Amurka. Leksell ya je ya gani da idonsa, ya koma gida, a 1949 ya fito da nasa.

Nasa ɗin ya fi sauƙi, kuma a nan gwanintar take. Ana kafe firam ɗin ƙarfe a ƙashin kai da ƙananan kusoshi, a ɗora masa wani ƙarfe mai lanƙwasa, rabin da'ira. Sai a daidaita shi har tsakiyar da'irar ta faɗa daidai wurin da ake nema a cikin ƙwaƙwalwa. Daga nan, ko ta wace kusurwa aka zura allura, can tsakiyar za ta tsaya. Likita ya sami 'yancin zaɓen hanyar da ba za ta taɓa jijiyar jini ko cibiyar magana ba, ta ƙaramar huda kawai.

Sai kuma ya ƙara gaba: in har ana iya saita allura haka, me zai hana a saita haske mai ƙuna? A 1951 ya wallafa wannan tunani. Ya gwada hasken eksire, sannan shi da masanin kimiyyar fiziks Börje Larsson suka gwada ƙwayoyin furoton a Uppsala, amma injin da ke samar da su ya yi wa asibiti girma. Daga ƙarshe suka tsaya a kan sinadarin kobalt-60. Na'urarsu ta farko, wadda aka sani da Gamma Knife, ta fara aiki a asibitin Sophiahemmet na Stockholm a 1968, da maɓuɓɓugan haske 179. Kowane zaren haske shi kaɗai ba ya wata illa a inda ya ratsa. Inda suka haɗu ne ƙunar take, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda.

Da farko masu matsanancin zogi da karkarwa aka fi yi wa. A 1969 aka yi wa mai ƙarin jijiyar ji, amma hoton ƙwaƙwalwa na lokacin bai da kyau, kuma ba a saita abin da ba a gani. Sai da na'urar CT ta zo a shekarun 1970, MRI ta biyo baya, sannan aikin ƙari ya bunƙasa.

Kada dai a ɗauka maganin kowane ƙari ne. Ya fi dacewa da ƙanana, waɗanda faɗinsu bai wuce kimanin santimita 3 ba, irin su kansar da ta yaɗo daga huhu ko nono. Ba ya cire ƙarin nan take. Yana hana shi girma ne, ya yanƙwane cikin watanni ko shekaru. Babban ƙarin da ke danne ƙwaƙwalwa har yau sai wuƙa.

Leksell ya rasu a 1986, shekara guda kafin a kafa na'urar a Pittsburgh ta Amurka, inda daga nan ta bazu a duniya. Tsadarta ba ta tsaya a saye ba: ƙarfin kobalt ɗin yakan ragu da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni, dole a riƙa sauya shi, abin da ya sa har yanzu manyan asibitoci kaɗan ne ke iya riƙe ta.