Tsarabar Da Ke Kai Matafiyi Kurkuku

Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Kafin a gama yi wa alhaji barka da sauka, yara sun kewaye jakarsa, ana jiran dabino da zamzam da carbi. Ɗabi'a ce mai kyau, babu mai cewa a daina. Sai dai yanzu tafiyarmu ta yi nisa. Ɗalibanmu sun cika Alƙahira, masu jinya na zuwa asibitocin Masar, 'yan kasuwa na saro kaya a Istanbul, masu umara kuwa ba a maganarsu. Idan abin da ya kai mutum ya kammala, aka samu rarar kwana ɗaya ko biyu, sai a ce a je a buɗe ido a wuraren tarihi. A nan ne son tsaraba yake iya jefa mutumin kirki cikin masifar da bai taɓa mafarkinta ba.

A watan Maris na 2022 jami'an filin jirgin saman Bagadaza suka buɗe kayan wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 66, suka sami 'yan duwatsu da ɓaraguzan tsohuwar tukunya guda 12. Ya tsince su ne a ƙasa a Eridu, ɗaya daga cikin tsofaffin biranen duniya, a kudancin Iraƙi. Ya ce bai san laifi ba ne, don wurin babu shinge, babu mai gadi. A watan Yuni kotu ta ɗaure shi shekara 15, kuma dokar da aka tuhume shi da ita tana iya kaiwa har ga hukuncin kisa. Kotun gaba ta soke hukuncin a watan Yuli, amma kafin nan ya shafe fiye da wata huɗu a tsare. Wannan fa mutum ne da jaridun ƙasarsa da 'yan majalisarta suka tsaya masa. Kai mai koren fasfo, wa kake jin zai tsaya maka haka?

A irin waɗannan ƙasashe, duk wani abin tarihi na gwamnati ne, ko yana cikin gilashi a gidan tarihi, ko yana yashe a turɓaya akuya na taka shi. Masar tana da doka a kan haka tun 1983, an kuma ƙara mata kaifi a 2018, har fitar da kayan tarihi ta ɓarauniyar hanya ya zama laifin da ke iya jawo ɗaurin rai da rai. Turkiyya ma a 1983 ta yi tata dokar. Can idan na'urar filin jirgi ta nuna dutse a jakarka, ba jami'in kwastam ne zai yanke ko na tarihi ne ba. Sai an aika wa masana a gidan tarihi, kai kuma ka zauna jiran rahotonsu, jirginka ya tafi, kuɗin masauki da na lauya suna cin aljihunka.

Kada a ga kamar tsananin ya yi yawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Dutsen nan mai rubutu iri uku da aka samu a garin Rashid, wanda da shi aka gane karatun rubutun Fir'aunoni, yana Landan tun 1802. Sassaƙen kan sarauniya Nefertiti da aka tono a 1912 yana Berlin. Har gobe Masarawa suna neman a dawo musu da su. Mu ma ai mun san wannan ciwon: tagullan Benin da sojojin Ingila suka kwashe a 1897, da gumakan yumɓu na Nok da aka yi ta haƙa ana tsallakawa da su Turai.

Akwai kuma tarkon kasuwa. Kana yawo a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira, ko a bakin wani kango a Luxor, sai wani ya ja ka gefe, ya kwance ƙyalle, ya nuna maka ɗan gunki ko tsohon kwabo, ya raɗa maka cewa daga kabari aka tono shi. Ɗayan biyu ne. Ko jabu ne da aka ƙera makon jiya aka shafa masa ƙasa, ka yi asarar kuɗinka, ko kuwa gaskiya ya faɗa, ka sayi ɗauri da kuɗinka. In kana son irin wannan tsaraba, shagunan gidajen tarihi suna sayar da kwaikwayo a fili. Saya a can, ka karɓi rasit, ka ajiye shi tare da fasfo.

Bayan hannun da ke ɗauka, sai hannun da ke rubutu. Wannan kam cutarmu ce tun daga gida, duk wanda ya hau Dutsen Dala ya ga sunaye. A 2013 wani yaro ɗan ƙasar Sin ya karce sunansa a jikin wani zane mai shekara fiye da 3,000 a haikalin Luxor, hoton ya bazu, har sai da iyayensa suka fito suka ba da haƙuri. A 2023 aka ɗauki bidiyon wani baƙo yana karce sunansa da na budurwarsa da makulli a bangon Kolosiyam na birnin Rum, ginin da aka buɗe a shekara ta 80 miladiyya. Cikin kwanaki 'yan sanda suka gano ko wane ne. Yanzu kowa yana da kyamara a aljihu, kuma wanda ya rubuta sunansa ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Dalar Giza ta Masar kuwa, wanda ya saba jin labarin dalar gyaɗa ta Kano sai ya tsaya a gindinta kafin ya san bambanci. Babbar cikin dalolin wurin, ta Fir'auna Khufu, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce, da duwatsu wajen miliyan 2.3. Tsayinta na asali ya kai mita 146, yanzu ya rage kamar 138. Daga nesa tana kama da matakala, shi ya sa samari ke jin ƙaiƙayin hawa. Kowane dutse na ƙasa-ƙasa ya kai ƙirjin mutum, bakinsa na marmashewa, kuma an sha faɗowa a mutu. Tun 2020 hawan irin waɗannan gine-gine ba da izini ba yana jawo ɗaurin aƙalla wata ɗaya, ko tarar fam 10,000 zuwa 100,000 na Masar, ko duka biyun.

Masu raƙuma da dawakin wurin sai an yi da gaske. Hawa da araha, sauka da tsada, domin raƙumi ba ya gurfana sai ubangidansa ya ce. A gama ciniki kafin a hau: nawa ne, da wane kuɗi, zuwa ina, kuma har da dawowa. Wanda ya ɗora maka rawani ya ce kyauta ce, cire ka miƙa masa. Tikiti a tagar hukuma ake saye, kuma a manyan wuraren da katin banki ake biya. Ɗalibi ya riƙe katin shaidarsa, akwai rangwame.

Mutanenmu da yawa burinsu su ga gawar Fir'auna. Wanda ya nufi tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir da ke Alƙahira don ita zai yi zuwan banza, domin a watan Afrilun 2021 an kwashe gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, zuwa sabon gidan tarihi da ke Fustat. A zauren da suke ba a ɗaukar hoto, kuma masu gadi suna lura. Ɗan jagora zai nuna maka Ramsis na Biyu ya rantse cewa shi ne na zamanin Annabi Musa (AS). Masana ba su haɗu a kan haka ba, saboda haka kada ka dawo gida kana baza shi a matsayin tabbas. Tunda ana maganar hoto: kada a ɗauki soja, ko shingen 'yan sanda, ko ginin tsaro. Ƙaramin jirgin nan maras matuƙi da masu bidiyo ke yayi, shiga da shi Masar ba da izini ba laifi ne babba.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne ƙasa mai tsarki, don a can son tsaraba yana haɗuwa da neman tabarraki. Za ka ga hajiya ta ƙulle ƙasar Uhudu a bakin mayafi, wani ya ɗebi tsakuwa, wani ya rubuta sunan iyalinsa a ginshiƙin da ke kan Dutsen Rahama a Arfa. Hukumomin Saudiyya sun kafa alluna cikin harsuna da dama suna hana wannan, malamanmu ma suna faɗa a wajen bita, amma sai a yi kunnen uwar shegu. Hawan Jabalun Nur zuwa Kogon Hira ba ya cikin aikin hajji ko na umara. Dutsen ya haura mita 600, hawansa yana cin sa'a ɗaya zuwa biyu, kogon kuma 'yan mutane kaɗan yake ɗauka, ga turereniya a bakinsa. A hajjin 2024 zafi a Makka ya wuce digiri 51, mutum fiye da 1,300 suka rasu. Tsoho, da mai hawan jini, da mai ciwon suga, da wanda gwiwa ke damu, su tsaya a gindin dutsen, akwai cibiyar da aka gina da ke bayanin tarihin wurin. Mai ƙarfin da ya ce lallai sai ya hau, ya fita da sanyin asuba, da ruwa, da takalmi mai riƙe ƙafa, ba silifas ba, kuma ya gaya wa 'yan ɗakinsu inda ya nufa.

Idan kuma tsautsayi ya gitta aka tare ka, kada ka sa hannu a takardar da ba ka iya karantawa ba. Nemi tafinta, ka ce a sanar da ofishin jakadancin ƙasarku. Kada ka yi gigin miƙa na goro, don sai laifi ɗaya ya zama biyu. Kuma kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, ko da ɗan garinku ne.

Daren da za a kamo hanyar gida, a zazzage jakunkuna a kan gado a duba su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya je da yara ya laluba aljihunan wandunansu da 'yar jakar goyonsu, domin yaro ba ya wuce dutse mai kyau bai ɗauka ba, kuma a filin jirgi sunan babansa ne a jikin akwatin.